Sloveniya: ƙasa mai mutum miliyan biyu, zakaru kuma rututu

Tambaya: Wani mai horar da yara ƙwallo a unguwa ya aiko yana cewa: "Tun da Manchester United ta sayi Sesko yarana suka dame ni da zancen Sloveniya. Sun ce Oblak ɗan can ne, Doncic na ƙwallon kwando ma haka, har da mai tseren keken nan da aka rasa mai kamo shi. Na duba, na ga mutanen ƙasar duka ba su kai na birnin Kano ba. Jini ne, ko kuɗi, ko sa'a? Kuma ta yaya mutum zai gane yaron da zai zama wani abu?"

Amsa: Koci, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri a kan 'ya'yan mutane da kake tarewa daga yawon banza. Yaranka ba su yi maka ƙarya ba, sai ma dai ba su ƙirga maka rabi ba.

Kafin mu shiga, ga wani ɗan abin daɗi. Harafin c ɗin nan da suke ɗora wa ƙaho a ka, wanda masu sharhin Ingila ke ta tuntuɓe da shi, daidai yake da c ɗinmu na ciniki da cokali. Idan Bahaushe ya karanta Doncic, Pogacar, Roglic yadda ya saba karatunsa, ya faɗe su daidai. Harafin j a wurinsu y ne, don haka Jan Oblak "Yan" ake kiransa. Sesko kuwa "Sheshko" ne. Ka gaya wa yaran.

Faɗin Sloveniya murabba'in kilomita dubu 20 ne da 'yan kai, wato kusan daidai da faɗin Jihar Kano. Mutanenta miliyan 2.1, alhali ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano miliyan 9.4. Tana maƙale tsakanin Italiya, Ostiriya, Hungari da Kuroshiya, kuma sai a ranar 25 ga Yuni 1991 ta ɓalle daga Yugoslabiya ta zama ƙasa. Amma a gasar Olamfik ta Tokyo kaɗai ta ɗauki zinare uku, daidai da dukkan zinaren da Najeriya ta taɓa samu tun da ta fara zuwa gasar. Ruwa ba ya tsami banza.

Na daɗe ina bibiyar 'yan wasan wannan ƙasa, kuma abin da na fahimta a taƙaice shi ne: mutanen nan ba su da yaran da za su zubar. Mu nan idan yaro mai baiwa ya ɓace a lungu, ba wanda zai lura, domin gobe wasu ɗari za su cika filin. Su kuwa jariran da ake haifa musu a shekara ba su wuce dubu 20 ba, to dole su san inda kowanne yake. Daga nan komai ya samo asali.

Fara da makaranta. Duk watan Afrilu, a kusan kowace firamare da sakandare ta ƙasar, ana auna yara. Malamin motsa jiki zai fito da tef da sikeli da agogon gudu. A auna tsawon yaro da nauyinsa da kitsen damtsensa, ya yi gudun mita 60, ya yi na mita 600, ya yi tsalle daga tsaye, ya rataye a jikin ƙarfe a ga daƙiƙa nawa zai jure, ya sunkuya a ga inda yatsunsa za su kai, ya bi ta tsakanin shingaye da baya da baya a kan ƙafa da hannu. A rubuta a kati, a aika Tsangayar Wasanni ta Jami'ar Ljubljana, babban birnin ƙasar. An soma gwada wannan tsari a 1982, ya game duk makarantu a 1987. Ka ga ke nan katin Oblak na nan, na Doncic na nan, na iyayen wasu yaran ma na nan. Asalin manufar lafiyar yara ce, ba farautar taurari ba, amma ribar ƙafa ita ce yaro mai gudu ko mai tsalle ba ya shigewa ba a gan shi ba. Ga darasin motsa jiki da ƙwararren malami ke koyarwa a zaure mai rufi, ga koyon iyo, ga makon da ake kwashe 'yan aji a kai su daji ko tsauni. A kan tutarsu akwai hoton dutsen Triglav mai tsawon mita 2,864, kuma suna da magana cewa mutum bai cika ɗan ƙasa ba sai ya hau shi sau ɗaya.

Wannan ba jiya aka fara ba. Leon Stukelj ya ci wa Yugoslabiya zinare a wasan alkafura da lilo a Faris tun 1924, ya rayu har ya fito a bikin buɗe gasar Atlanta ta 1996 yana da shekara 97, yana tafiya da ƙafarsa. A 1970 Yugoslabiya ta ɗauki kofin duniya na ƙwallon kwando a cikin garin Ljubljana, kyaftin ɗin kuma Ivo Daneu ne, ɗan Sloveniya. Da ƙasar ta rabu, masu horarwa da zaurukan wasa da ƙananan kulob-kulob na ƙauye ba su rabu da ita ba. Gado suka ci, suka kuma riƙe shi.

Ƙananan kulob ɗin nan su ne zuciyar lamarin, kuma a nan ne labarin ya fi kusa da aikinka. A gefen garin Celje akwai wani kulob na judo da mutum ɗaya, Marjan Fabjan, ya gina. Daga ɗakin horonsa Urska Zolnir ta fito ta ci zinare a Landan a 2012, Tina Trstenjak ta fito ta ci a Rio a 2016, duka a ajin kilo 63. Da aka je Faris a 2024 wata 'yar Sloveniyar, Andreja Leski, ta sake ɗaukar zinaren wannan ajin, ko da yake ita daga wani kulob ta fito. A garin Jesenice na masu narkar da ƙarfe, wasan hoki na kan ƙanƙara suka riƙa, can Anze Kopitar ya taso ya je ya ɗauki babban kofin Amurka sau biyu da Los Angeles Kings, a 2012 da 2014. Akwai kuma gidan su Prevc, masu tsalle daga kan tudun ƙanƙara da dogayen katakai a ƙafa. Peter ne mutum na farko da ya kai mita 250, a 2015. A watan Maris na 2025 ƙanwarsa Nika ta kafa tarihin mata da mita 236, kafin watan ya ƙare ƙaninsa Domen ya kafa na maza da mita 254.5 a Planica. Tsallen fili biyu da rabi na ƙwallo ke nan a sama, 'yan ɗaki ɗaya.

Irin wannan tsallen ne ya kawo mu ga mutumin da na fi son labarinsa a cikinsu duka, Primoz Roglic. An haife shi a 1989 a Trbovlje, garin masu haƙar kwal. Ɗan tsallen ƙanƙara ne, har ya ci zinaren duniya na matasa tare da tawagar ƙasarsa a 2007. A wannan shekarar ya yi mummunar faɗuwa a Planica, aka ɗauke shi ranga-ranga. Ya dawo ya ci gaba, amma ya ga ba zai kai inda yake so ba. Yana da shekara 22 ya ajiye katakai ya hau keke. A tseren keke wannan shekarun tsufa ne ga mai farawa, domin abokan hamayyarsa tun suna 'yan goma sha suke cikin garke. A wata ƙasar da dariya za a yi masa. A can sai aka kai shi ɗakin gwaji aka auna huhunsa da ƙarfin ƙafarsa, aka ga abin mamaki, wani ƙaramin kulob mai suna Adria Mobil ya ɗauke shi a 2013. A 2016 wata babbar tawagar Holan ta saye shi. Ya zo ya ci gasar zagaya Sifaniya sau huɗu, 2019, 2020, 2021 da 2024.

Bari in ɗan yi maka bayanin yadda waɗannan gasanni suke, don ka ji daɗin abin da zai biyo baya. Gasar zagaya Faransa, wadda ita ce uwa, mako uku ake yi, zango 21, kilomita wajen dubu uku da ɗari biyar. Kullum ana rubuta lokacin da kowa ya ɗauka, ana tarawa. Wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke sa rawayar riga. Yawancin zangunan a garke ake tafiya, abokan tawagarka suna tare maka iska, suna kawo maka ruwa. Amma akwai ranar da ake sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai da agogo. Ranar ba mai taimakon wani.

A 2020 Roglic ya riƙe rawayar riga kwana goma sha ɗaya, da tawaga mafi ƙarfi a gasar. Na biyu wani yaro ne ɗan ƙasarsu, Tadej Pogacar, mai shekara 21, zuwansa na farko, kuma tazarar daƙiƙa 57 ce. Saura zango ɗaya mai ma'ana, ranar Asabar 19 ga Satumba, kilomita 36 na kai da agogo, ƙarshensa hawan tudun La Planche des Belles Filles. Kowa ya gama lissafi. Pogacar ya fita, bayan minti biyu Roglic ya biyo. A ƙasan allo ana nuna tazarar, sai ta fara narkewa: 50, 40, 30. A gindin tudu dukansu suka sauya keke zuwa marar nauyi. Yaron ya miƙe yana taka feda kamar yanzu ya fito daga gida. Roglic kuwa hularsa ta zame ta koma ƙeya, gashi ya fito, fuska ta yi fari fat, kana gani ka san ƙafa ta ƙi. A bakin layi abokan tawagarsa biyu, Tom Dumoulin da Wout van Aert, suna tsaye sun zuba wa allo ido, ba mai cewa uffan. Pogacar ya ba shi ratar minti ɗaya da daƙiƙa 56 a ranar, ya ɗauke gasar da daƙiƙa 59. Roglic ya sauka ya zauna dirshan a kan kwalta. Ta leƙo ta koma. Da ya huta ya tashi ya je ya rungumi yaron. Washegari aka naɗa Pogacar a Faris, jajiberin cikarsa 22, mafi ƙarancin shekaru da ya ci gasar tun 1904.

Da wani ne, daga nan sai labari. Mako biyu bayan haka Roglic ya ci babban tseren Liège na Beljiyam, ya wuce wani Bafaranshe da ya riga ya ɗaga hannu yana murna kafin layi. Ya ci zinaren Olamfik a Tokyo. A 2023 kuma, a gasar zagaya Italiya, sai aka sake shirya masa irin wancan wasan, amma a juye: shi ke baya da daƙiƙa 26, Geraint Thomas na gaba, zango na kai da agogo a kan tudun Monte Lussari, dab da iyakar Sloveniya, 'yan ƙasarsa sun cika gefen hanya da tutoci. Yana tsakiyar hawa sarƙar kekensa ta zame. Ya sauka ya mayar, makanike ya tura shi, wani ɗan kallo mai jar riga ya rugo ya ƙara turawa. Daga baya aka gano ɗan kallon Mitja Meznar ne, wanda suka ci zinaren matasa tare a 2007. Roglic ya ɗauki gasar da daƙiƙa 14.

Shi kuwa Pogacar, ya zama dodo. Ya ci gasar Faransa a 2020, 2021, 2024 da 2025. A 2024 ya haɗa ta Italiya da ta Faransa da kambun duniya a shekara ɗaya, abin da maza biyu kawai suka taɓa yi kafinsa, Eddy Merckx a 1974 da Stephen Roche a 1987. A Satumban 2025 ya sake ɗaukar kambun duniya a Kigali ta Ruwanda, karo na farko da aka kawo gasar Afirka. Mutumin da ya taka masa birki sau biyu a Faransa, a 2022 da 2023, Jonas Vingegaard ne na Denmak, wanda kafin ya shahara yake aiki a masana'antar gyaran kifi da safe, ya hau keke da rana. Shi ma ɗan ƙaramar ƙasa.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Sloveniya tana reno, ba ta iya ciyarwa. Kulob ɗin ƙwallonta ba su da kuɗin riƙe gwani, masu kallo 'yan dubbai ne. Saboda haka kusan duk wanda ka ji sunansa, a waje ya ƙarasa girma.

Luka Doncic ɗan gado ne, mahaifinsa Sasa ɗan ƙwallon kwando ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya fara a Olimpija ta Ljubljana, inda aka yi ta ɗaga shi zuwa ajin waɗanda suka girme shi. Yana da shekara 13, a 2012, ya koma Real Madrid, shi kaɗai, ba ya jin Sifaniyanci. Yana 16 ya fara buga wa manya. A 2017 yana 18 shi da tawagar Sloveniya suka ɗauki kofin Turai a Istanbul, suka doke Sabiya 93 da 85, Goran Dragic ya zuba maki 35 a wasan ƙarshe. A 2018 ya ɗauki kofin zakarun Turai da Madrid, aka ba shi gwarzon gasar, sannan ya tafi gasar NBA ta Amurka. Duk da haka ƙungiyoyi biyu suka tsallake shi a zaɓen sababbin 'yan wasa, Atlanta ta ɗauke shi na uku ta musanya shi da Dallas a daren. Masu sharhi suka ce ba shi da gudu, ba shi da tsalle. A Janairun 2024 ya zuba wa Atlantar nan maki 73 a wasa ɗaya, ya kai Dallas wasan ƙarshe a shekarar, Boston ta doke su. A Fabrairun 2025, cikin dare, ba tare da an shawarce shi ba, Dallas ta miƙa shi ga Los Angeles Lakers ta karɓi Anthony Davis. Ka nuna wa yaranka wannan: ko Doncic haja ne a kasuwa. Irin rainin da aka yi masa an yi wa Nikola Jokic na Sabiya fiye da haka, shi na 41 aka ɗauka a 2014, ya zo ya zama gwarzon gasar sau uku. Makarantarsu ɗaya, ta tsohuwar Yugoslabiya, inda ake koya wa dogo da gajere miƙa ƙwallo da karanta fili kafin a koya musu burga.

Oblak ya fi kusa da abin da yaranka za su iya fuskanta. Benfica ta ɗauke shi daga Olimpija a 2010 yana da shekara 17, sai ta yi ta ba da shi aro: Beira-Mar, Olhanense, Leiria, Rio Ave. Wani wurin benci kawai ya ɗumama. Sai a kakar 2013 zuwa 2014 ya samu ragar Benfica. Atletico Madrid ta saye shi Yuro miliyan 16 bayan Courtois ya koma Chelsea, nan ma ya tarar da Moya a raga, ya koma benci. A Maris 2015 Moya ya ji rauni ana wasa da Leverkusen, Oblak ya shigo, aka je bugun fenareti ya tare ɗaya. Bai sake fita ba. A kakar da ta biyo ƙwallo 18 kacal aka zura masa a wasa 38, kuma ya ɗauki kyautar golan da aka fi kasa ci a Sifaniya har sau shida. Shekara biyar na aro da benci ne a ƙarƙashin wannan. Haka Osimhen ya sha a Wolfsburg kafin Charleroi ta farfaɗo da shi, haka Ahmed Musa ya bi ta VVV-Venlo daga Kano Pillars kafin CSKA Moscow. Sesko ma matakala ya bi: ɗan ƙaramin garin Radece, Salzburg ta ɗauke shi yana 16 a 2019, ta tura shi aro Liefering, ya koma Leipzig a 2023, sannan United a Agustan 2025 a kan sama da Yuro miliyan 76. Yaron da ejan ya yi wa alkawarin daga unguwa sai Ingila, ka ce ya duba waɗannan.

Ranar 1 ga Yuli 2024 ina wani gidan kallo, Fotugal da Sloveniya a zagaye na biyu na kofin Turai, a Frankfurt. Janareta na ruri, zafi kamar gidan burodi, benci cike da masoya Ronaldo. Minti 90 ba ci. A ƙarin lokaci aka ba Fotugal fenareti, wani a gabana ya miƙe tun ba a buga ba yana shirin ihun nan na gwaninsa. Ronaldo ya buga gefen hagun gola, Oblak ya tashi ya doke ta, ta daki turke ta fita. Ɗakin ya yi tsit, sai wani yaro daga baya ya ce, "Wallahi kuka yake!" Kuka kuwa yake. Can kusa da tashi Pepe ya yi tuntuɓe, Sesko ya tafi shi da gola, Diogo Costa ya tare da ƙafa. Da aka zo bugun raba gardama Costa ya tare uku a jere, Sloveniya ba ta ci ko ɗaya ba. Wannan daren ya nuna maka ƙwallon ƙafarsu gaba ɗaya: gola na duniya, ɗan gaba guda mai tasowa, sauran kuma ma'aikata masu biyayya.

Domin gaskiya a ƙwallon ƙafa ne ƙarancinsu ke fitowa fili. Wasan mutum ɗaya yana buƙatar gwani ɗaya, ƙwallon kwando biyar, ƙwallon ƙafa kuwa sai da goma sha ɗaya da benci. Sun je kofin duniya a 2002 da 2010, sun doke Aljeriya da ci ɗaya a Afirka ta Kudu, ba su taɓa wuce rukuni ba, kuma ba su je na 2014, 2018 da 2022 ba. A 2002 tauraronsu Zlatko Zahovic ya yi cacar baki da koci Srecko Katanec bayan wasan farko, aka kore shi gida, tawagar ta watse. Irin rigimar da ka sani a wasu wurare, su ma ba su tsira ba. Ko a ƙwallon kwandon ma sai da suka yi ciko: Anthony Randolph, Ba'amurke, aka ba takardar zama ɗan ƙasa ya tsaya musu a ƙarƙashin kwando a 2017. Merlene Ottey ta Jamaika ma ta koma can, ta yi musu gudun mita 100 a Atina a 2004 tana da shekara 44.

Yanzu ga abubuwa ukun da ka lissafa. Jini: mutanen yankin dogaye ne, wannan gaskiya ne, Sesko mita 1.95 ne, Doncic wajen mita biyu. Amma Pogacar mita 1.76 ne, siriri, idan ka gan shi a kasuwa ba za ka waiwaya ba. Janja Garnbret, wadda ta ci zinaren hawan bango a Tokyo da Faris, ba doguwa ba ce. Wane jini ne zai ba ka gola da mai keke da 'yar judo da Tina Maze, wadda ta ci zinare biyu a zamiyar ƙanƙara a Sochi a 2014? Ban yarda da zancen jini ba.

Kuɗi: akwai, kuma kada wani ya ruɗe ka cewa ba su da muhimmanci. Ƙasa ce mai rufin asiri, tana Tarayyar Turai tun 2004, yaro ya ƙoshi, asibiti na kusa, takardar haihuwarsa ta gaskiya ce, kuma fasfonsa na ba shi damar buga wasa a Ostiriya ko Sifaniya ba tare da wahalar biza ba. Wannan na ƙarshen babbar dama ce da ɗan Afirka ba shi da ita, domin dokar FIFA ta hana ɗaukar yaro zuwa wata ƙasa kafin ya kai 18, amma ta sassauta zuwa 16 a tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai. Shi ya sa Sesko ya tafi yana 16. Gwamnati kuma tana ɗaukar fitattun 'yan wasa aiki a soja da 'yan sanda da kwastan, suna karɓar albashi suna horo, musamman masu wasannin da ba a samun kuɗi a ciki. Mu ma mun san wannan, Chioma Ajunwa 'yar sanda ce lokacin da ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta. Amma idan kuɗi ne kaɗai, da ƙasashen Larabawa masu man fetur ba su riƙa sayen 'yan tsere daga Afirka ba.

Sa'a: akwai ta. Haihuwar Doncic da Pogacar a tsiran wata biyar, ɗaya Satumban 1998 ɗaya Fabrairun 1999, ba tsarin da zai yi alkawarin haka. Wata rana za su yi ritaya, a ɗau shekaru ba a ga kamarsu ba.

Kuma kada in zana maka aljanna. A 2019 an dakatar da mahaya keke biyu 'yan ƙasar shekara bibbiyu saboda hannu a badaƙalar ƙarin jini da aka bankaɗo a Jamus da Ostiriya. Josip Ilicic, wanda ya zura wa Valencia ƙwallo huɗu shi kaɗai a Maris 2020 yana Atalanta, bayan 'yan watanni ya bar fili saboda ciwon damuwa, ya daɗe kafin ya dawo daidai. Garnbret da kanta ta fito a 2023 ta yi magana a kan 'yan matan da ke ƙin cin abinci don su rage nauyi su iya hawan bango. Ga kowane Doncic akwai yaran da suka bar gida suna 15 suka dawo suna 20 ba kulob ba takardar makaranta, ba wanda ya san sunansu.

Saura tambayarka ta ƙarshe, yadda za a gane yaro. Ba ni da ma'auni, kuma wanda ya ce maka yana da shi, riƙe aljihunka. Abin da za ka iya ɗauka daga wurinsu ba ya cin kuɗi: littafi ɗaya, agogon wayarka, tef na tela. Sau ɗaya a shekara ka auna kowa, ka rubuta da ainihin shekarunsa, ka kwatanta yaro da kansa na bara, ba da ƙaton da ya riga shi balaga ba. Wanda ba ya iya ƙwallo amma yana tsere wa kowa, ka nemo masa mai koyar da gudu maimakon ka sallame shi. Sauran kuwa, ko masanan kan ruɗe. Andrej Hauptman, wanda ya ci tagulla a gasar keke ta duniya a 2001 ya koma horar da matasa, ya sha ba da labarin ranar da ya fara ganin Pogacar a 2011. Ya iso wajen wani tseren yara da ake zagaye, ya ga garken samari a gaba, ga wani ɗan ficici can baya da kamar mita ɗari yana ta fama shi kaɗai. Tausayi ya kama shi, ya je wurin masu shirya tseren ya ce a taimaka wa yaron nan mana, an bar shi a baya. Suka ce masa ai ba baya yake ba, shi ne na ɗaya, zagaye guda ya ba su yana shirin sake kamo su.